Ina 'Yan Hamayyar Iritiriya Suka Shiga?

A zangon karatun da ya wuce, ƙungiyar muhawara ta makarantarmu ta kawo wani batu mai cewa, "Ƙasar da abokan gaba suka kewaye ba ta bukatar jam'iyyun hamayya." Da aka jefa ƙuri'a sai ta faɗa kaina, aka sa ni cikin masu goyon bayan batun. Na je wurin malaminmu na tarihi neman taimako, ya ce, "Tafi ka karanta labarin Iritiriya, amma fa ka karanta har ƙarshe." Mako uku na yi ina zarya tsakanin laburare da ɗakin malamai, da dare kuma ina maƙale da rediyon wani abokina kafin a kashe fitila. Ranar muhawara na tsaya na zuba hujjojina, aka yi ta tafi, alƙalai suka ba ɓangarenmu nasara. Amma tun daga ran nan zuciyata ba ta kwanta ba, domin rabin labarin kaɗai na bayar, na danne rabin da ba zai taimake ni ba. Malam bai ce mini kome ba, kallona kawai ya yi. To, ya ku 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ga labarin duka, da abin da na faɗa da abin da na ɓoye.

Iritiriya ƙaramar ƙasa ce a gabashin Afirka, ta miƙe a bakin Bahar Maliya. Sudan na yamma da ita, Habasha na kudu, Jibuti na kudu maso gabas, Yaman da Saudiyya kuwa suna tsallaken ruwa. Babban birninta, Asmara, yana bisa tudu mai sanyi. Tana da tashoshin jiragen ruwa biyu, Masawa da Asab. Ku riƙe sunan Asab, za mu komo kansa. Ƙabilu tara ne a ƙasar. Kirista sun fi yawa a kan tuddai, Musulmi kuwa a filayen yamma da bakin teku.

Ba a littafi na fara jin sunan Masawa ba, a bakin kakana ne. Yana ɗan shekara goma mahaifinsa ya ɗauke shi zuwa aikin hajji ta ƙasa. Suka ratsa Cadi da Sudan, guzuri ya ƙare musu a Kasala, suka tsallaka iyaka zuwa Tasanai, inda suka tarar da Hausawa da Barebari da Fulani da suka riga su, suna aikin auduga don su tara kuɗin jirgi. Wasu ba su ƙarasa Makka ba, ba su kuma komo gida ba, zuriyarsu na can har yanzu. Shekara guda suka yi kafin su kai Masawa su shiga jirgin ruwa. Abin da ya fi tunawa, ban da zafin Masawa, shi ne wata tuta shuɗiya mai koren ganye a tsakiya da ya riƙa gani a ƙofar ofisoshi.

Tutar nan tana da tarihi. Italiya ce ta kafa Iritiriya a matsayin ƙasar mallakarta a 1890, Ingilishi suka kore ta a 1941 lokacin yaƙin duniya na biyu. Abin da ya ba ni mamaki shi ne a zamanin nan na Ingilishi, Iritiriya tana da jam'iyyu da jaridu da ƙungiyoyin ma'aikata. Akwai jam'iyyar masu son haɗewa da Habasha, akwai Rabiɗar Musulmi ta su Ibrahim Sultan mai neman mulkin kai, akwai ɗan jarida Woldeab Woldemariam, Kirista, wanda ya tsaya tare da su. Watau mutanen ƙasar sun san gardamar siyasa tun kafin a haifi iyayenmu. Majalisar Ɗinkin Duniya ta yanke cewa a haɗa Iritiriya da Habasha cikin tarayya, aka yi haka a 1952, tana da majalisarta da tutarta, wannan shuɗiyar da kakana ya gani. Sai Sarki Haile Selasi ya shiga zare wa tarayyar tubali ɗaya bayan ɗaya. Aka danne jam'iyyu da jaridu, aka cusa harshen Amhara a makarantu, aka sauke tutar, a 1962 kuma aka rushe majalisar, aka mai da ƙasar lardi daga cikin lardunan Habasha.

Tun kafin a kai nan, wasu 'yan gudun hijira da ɗalibai sun kafa ƙungiyar ELF a Alƙahira a 1960 don ƙwatar 'yanci. Ran 1 ga Satumba 1961 Hamid Idris Awate ya harba bindigar farko a dutsen Adal. Yaƙin da ya fara ran nan shekara 30 ya ɗauka.

Nan ne wurin da ya kamata mai karatu ya natsu, domin a daji aka shuka abin da ake girbe yau. Ƙungiyar ELF ta raba mayaƙanta bisa ga yankuna, ƙabilanci da bambancin addini suka shige ta. Wasu samari suka ɓalle a wajen 1970, cikinsu har da Isayas Afwerki, wanda ya bar jami'a a Adis Ababa ya shiga daji, ya kuma sami horo a ƙasar Sin. Daga cikinsu ne ƙungiyar EPLF ta fito. Maimakon ƙungiyoyin biyu su fuskanci Habasha, sai suka juya wa juna bindiga daga 1972 zuwa 1974, har sai da mutanen gari suka fito suna roƙonsu su bari. A cikin sabuwar ƙungiyar ma, a 1973 wasu mayaƙa masu ilmi suka yi ƙorafi kan yadda shugabanni ke yanke shawara su kaɗai. Aka laƙaba musu suna Menka, watau jemage, wai don da dare suke taro, aka kashe manyansu. Faɗa tsakanin ƙungiyoyin ya sake tashi a 1980, zuwa 1981 EPLF, da taimakon 'yan tawayen Tigrai na Habasha, ta kora ELF cikin Sudan. Daga ran nan fage ya zama na ƙungiya ɗaya.

Abin da ya biyo baya shi ne na yi ta ƙawatawa a zauren muhawara, kuma ba ƙarya na faɗa ba. Sojojin Mangistu, waɗanda suka kifar da Haile Selasi a 1974, sun sami makamai birjik daga Tarayyar Sobiyet. EPLF ta ja da baya zuwa duwatsun Nakfa a 1978, ta haƙa ramuka, ta gina asibiti da makarantu a ƙarƙashin ƙasa. Kusan kashi ɗaya cikin uku na mayaƙanta mata ne. Ta murƙushe rundunar Habasha a Afabet a 1988, ta ci Masawa a 1990, ta shiga Asmara ran 24 ga Mayu 1991. Mayaƙa kimanin 65,000 suka kwanta dama. A ƙuri'ar raba gardama ta Afrilu 1993, fiye da kashi 99 cikin 100 suka zaɓi 'yanci. Na ce wa alƙalai, da sun tsaya jayayya da ba su yi nasara ba. Nan na tsaya, nan kuma aka tafa mini.

Ga ci gaban. A 1994 EPLF ta zama jam'iyyar PFDJ, ita kaɗai doka ta yarda da ita. Aka kafa hukumar rubuta tsarin mulki a ƙarƙashin Dokta Bereket Habte Selasi, ta zaga ƙauyuka tana jin ra'ayin jama'a, aka amince da tsarin a watan Mayu 1997. Ba a yi aiki da shi ko na kwana ɗaya ba. Shi kansa Dokta Bereket ya koma zama a Amurka yana sukar gwamnati. A Mayu 1998 yaƙi ya ɓarke da Habasha a kan wani ɗan gari mai suna Badme. Abokan daji na jiya, Isayas da Meles Zenawi, suka tura samari cikin ramuka har shekara biyu, dubun dubatan mutane suka mutu. Iritiriya kaɗai ta ce ta rasa sojoji 19,000. Aka sa hannu kan sulhu a Aljeriya a Disamba 2000, hukumar shata iyaka ta ba Iritiriya Badme a 2002, Habasha ta ƙi janyewa.

Bayan yaƙin nan, a Mayu 2001, manyan jam'iyya su 15 suka rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa. Ba baƙi ba ne, ba kuma 'yan ELF ba. Akwai Mahmud Sharifo, wanda ake ɗauka na biyu ga shugaba, da Petros Solomon, tsohon ministan tsaro da na harkokin waje, da Haile Woldetensae, da Janar Ogbe Abraha, da wata tsohuwar mayaƙiya, Aster Fissehatsion. Abin da suka nema bai wuce a kira taron majalisa, a yi aiki da tsarin mulki, a yi zaɓe ba. Ran 18 ga Satumba 2001, mako guda bayan harin da aka kai Amurka, sa'ad da hankalin duniya duka ya koma can, aka fara kama su, mutum 11. Aka rufe dukan jaridu masu zaman kansu, aka tsare editocinsu, har da Dawit Isak mai takardar zama ɗan ƙasar Suwidin. Ba wanda aka kai gaban alƙali. Wani gandiroba da ya tsere a 2010 ya ba da labari cewa da yawansu sun mutu a kurkukun Eiraeiro. Matar Petros, Aster Yohannes, tana karatu a Amurka, ta komo a 2003 don ta riƙe 'ya'yanta, a filin jirgin sama aka kama ta. Zaɓen da aka ce za a yi a Disamba 2001 ba a yi shi ba, majalisar ƙasa kuwa rabonta da zama tun 2002.

Yanzu bari in zo kan abin da ya shafi irinmu. Dokar 1995 ta ce kowane ɗan ƙasa zai yi bautar ƙasa wata 18. Daga 2002 aka cire mata iyaka, mutum ya shiga yana saurayi, furfura ta same shi a ciki, ko soja ko malamin makaranta ko leburan hanya, da albashin da ba ya riƙe gida. Daga 2003 kuma, kowane ɗalibi, mace da namiji, sai ya yi ajin ƙarshe na sakandare a sansanin soja na Sawa, kusa da iyakar Sudan. Can zai yi faretin soja, can zai zauna jarrabawa. Wanda ya ci da kyau ya wuce kwaleji, sauran a rarraba su. Da a can aka haife ni, da baɗi ko baɗin baɗaɗa ina Sawa. Mu nan muna ƙorafin wake da ƙwari da tsananin firifet, amma kowa ya san ranar da zai ɗaure akwatinsa ya tafi gida.

Saboda haka hamayyar yawancin matasan Iritiriya gudu ce. Suna tsallakawa Sudan da Habasha da dare, daga nan wasu su bi hamada zuwa Libiya. Ran 3 ga Oktoba 2013 jirgin ruwa ya nutse kusa da tsibirin Lampedusa na Italiya, fiye da mutum 360 suka halaka, galibinsu 'yan Iritiriya. Masu son ƙwallo ma sun sani: a 2015 'yan wasan ƙasar goma suka je Botswana wasa, suka ƙi komawa.

To, ina 'yan siyasar hamayya? Suna waje, kuma zamansu zaman 'yan marina ne, kowa da inda ya sa gaba. Tsofaffin ELF da aka kora Sudan sun tsage gida gida. A sansanonin 'yan gudun hijira na wajen Kasala wata ƙungiyar jihadi ta fito a 1988. 'Yan ƙabilar Afar suna da tasu, Kunama suna da tasu. Bayan 2001 sai ga tsofaffin EPLF irin su Mesfin Hagos, ɗaya daga cikin 15 ɗin nan wanda kamen ya same shi yana ƙasar waje. Yaya wanda aka kora a 1981 zai amince da wanda ya kore shi? Suna gardama kan matsayin addini a mulki, kan Larabci da Tigrinya, kan filayen noma na yamma, kan ko a ɗauki makami ko kada a ɗauka. Sun ƙulla ƙawance a Sudan a 1999, sun sake masa suna a 2005, sun tara ɗaruruwan wakilai a garin Hawasa na Habasha a 2011 suka kafa majalisa. Ba a daɗe ba majalisar ta kama rigima da kanta.

Amma a ganina babbar cutarsu ita ce masauki. A yankin nan kowace gwamnati takan ajiye 'yan tawayen maƙwabciyarta kamar sandar da ake jinginewa bayan ƙofa. Sudan ta riƙe masu jihadin Iritiriya, sai Asmara ta yanke hulɗa da ita a Disamba 1994, har ta miƙa ginin ofishin jakadancin Sudan ga 'yan hamayyar Sudan. Habasha ta ba 'yan hamayyar Iritiriya ofisoshi da gidan rediyo, Asmara ita ma ta sauki 'yan tawayen Oromo da na Ogaden da ƙungiyar Ginbot 7. Rigimar ta kai har Somaliya, abin da ya jawo wa Iritiriya takunkumin Majalisar Ɗinkin Duniya a 2009 bisa zargin taimakon Al-Shabab, ko da yake ta musanta. Ga faɗa da Yaman kan tsibiran Hanish a 1995, ga na Jibuti a 2008. Matsalar sanda ita ce, in an shirya sai a jefar da ita. Da Sudan ta daidaita da Asmara a 2006, 'yan hamayya suka rasa gindin zama a can. Sa'an nan uwar da ɗanta ya mutu a Badme, in ta ji muryar ɗan hamayya daga rediyon Adis Ababa, me za ta kira shi? Gwamnati ba ta sha wahala ba wajen ce musu 'yan koren Habasha. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Kada in sake yin laifin da na yi a muhawara, dole in faɗi hujjar gwamnati. Gaskiya ne Habasha ta zauna a Badme shekara da shekaru bayan hukunci, manyan ƙasashe kuma suka kau da kai. Gaskiya ne an rage mutuwar yara da zazzaɓin cizon sauro ƙwarai. Isayas ya ce ƙasar da take cikin halin ba yaƙi ba zaman lafiya ba za ta saki sojojinta ba. Sai dai an gwada maganar tasa. A Yuli 2018 sabon firayim ministan Habasha, Abiy Ahmed, ya sauka Asmara, aka rungumi juna, aka buɗe iyaka, aka ɗage takunkumi a Nuwamba. Abokin gaba ya zama aboki. An rage bautar ƙasa? Ba a rage ba. An saki mutanen 2001? Ba a sake su ba. Iyakar ma cikin 'yan watanni aka sake rufe ta. Waɗanda aka rufe wa baki su ne 'yan hamayyar da ke Adis Ababa. A Satumba na shekarar aka kama tsohon ministan kuɗi Berhane Abrehe don ya rubuta littafi yana sukar shugaba, ya mutu a tsare a 2024.

Duk da haka a cikin gida ba a rasa masu ƙarfin hali ba. Ran 21 ga Janairu 2013 wasu sojoji suka mamaye ma'aikatar watsa labarai a Asmara, suka sa aka fara karanta kiran a saki fursunoni a yi aiki da tsarin mulki, kafin a katse talabijin. Limaman Katolika sun rubuta wasiƙa a 2014 kan yadda ƙasar ke zubar da matasanta. Shugaban cocin Otodoks, Abune Antonios, ya ƙi yarda gwamnati ta sa hannu cikin harkar coci, aka tuɓe shi, ya zauna cikin ɗaurin talala har ya rasu a 2022. Wanda ya fi taɓa ni shi ne Alhaji Musa Muhammad Nur, dattijo mai shekara fiye da 90, shugaban kwamitin makarantar Islamiyya ta Al-Diya a unguwar Akriya. Ya ƙi miƙa makarantar ga gwamnati, aka kama shi. Ran 31 ga Oktoba 2017 ɗaliban makarantar, sa'o'inmu, suka fito titi, aka tarwatsa su da harbi. Ya rasu a tsare a Maris 2018.

Zumuncin Isayas da Abiy yaƙi ya haifa. A Nuwamba 2020 sojojin Iritiriya suka shiga Tigrai suna taya gwamnatin Habasha yaƙar tsofaffin abokan dajinsu. An zarge su da kisan farar hula a garin Aksum. Sansanonin Hitsats da Shimelba, inda 'yan gudun hijirar Iritiriya ke zaune, aka ragargaza su. Wanda ya gudu daga Sawa, ga Sawa ta biyo shi har inda ya ɓuya. Aka yi sulhu a Piritoriya a Nuwamba 2022 ba tare da Iritiriya ba, daga nan zumuncin ya fara tsami.

Matasan da suka tsira zuwa Turai sun gaji da tarurrukan dattawa. A 2019 suka fito da kiran Yiakl, watau "ya isa". Daga 2022 wata ƙungiya mai suna Birged Nihamedu ta shiga tarwatsa bukukuwan da ofisoshin jakadanci ke shiryawa, domin a cewarsu nan ake tara wa gwamnati kuɗi, ban da harajin kashi 2 cikin 100 da take karɓa daga 'yan ƙasar mazauna waje. A 2023 an yi ba-ta-kashi a Jamus da Suwidin da Kanada, a Isra'ila kuwa fiye da mutum 100 suka ji rauni. Na fahimci fushinsu, amma jifan 'yan sandan Jamus bai buɗe ƙofar kurkuku ko ɗaya a Asmara ba.

Sai mu komo kan Asab. Tun da Iritiriya ta ɓalle, Habasha mai mutane fiye da miliyan 100 ba ta da bakin teku, yanzu kuma ta Jibuti take shigo da yawancin kayanta. A Oktoba 2023 Abiy ya fito fili ya ce samun mashiga a Bahar Maliya batu ne na rayuwa ga ƙasarsa, kowa kuma ya san Asab ake nufi. A Janairu 2025 sai ga 'yan Birged Nihamedu suna taro a Adis Ababa. An sake ɗauko sandar daga bayan ƙofa ke nan, matasan kuma sun sauka a masaukin da ya kunyata iyayensu, a daidai lokacin da mai masaukin ke hangen tashar jirgin ruwan ƙasarsu. Isayas, wanda aka haifa a 1946, ya sami sabon dalilin riƙe 'yan makaranta a Sawa.

Da na je hutu na karɓi wayar yayana, na nuna wa kakana hoton matasan nan suna zanga-zanga, domin tutar da suke ɗagawa ita ce tsohuwar shuɗiyar nan ta 1952. Ya kawo wayar kusa da idonsa, ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Ita ce kuwa, abokina. Ashe sun mai da ita Masawa?" Na ce, "A'a, Alhaji, wannan a Jamus ne." Ya miƙo mini wayar, ya ce, "To, me ya kai ta Jamus?"